Daƙiƙa Bakwai

Kwamfutar ta zo ne cikin kwalin taliya,
Nomau ya goyo ta a babur tun daga Birnin Kebbi.
Tsohuwa ce, murfinta ɗaure da waya,
fankarta na nishi kamar jaki a kan tudu.
Na share mata wuri bisa akwatin Inna,
na kawar da tasoshi da kwalbar man shanu.

Inna Tumba ta leƙo daga bakin murhu:
"Wanga abu mi shika ci?"
Na ce lantarki.
Ta ce, "Ashe zai kwana da yunwa a Argungu."

Nomau ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zuba a murfin kwano,
ya hura cikinta, gizo-gizo ya yi hijira.
Ya soka ɗan koren kati a raminsa,
ya ce wannan ne kunnenta, da shi za ta ji tasha.
Ni aka tura kan rufi da eriya,
kwano na gasa mini tafin ƙafa.
"Juya gabas!" Na juya. "Ka wuce!" Na dawo.
Allo sai tsaki-tsaki kamar gero a faifai,
can sai ga mai labarai,
bakinsa na motsi, muryarsa ta maƙale a hanya.
Har la'asar muna cigiyar murya,
ashe jar waya muka kai gidan fara.

Ba don ƙwallo na sha wannan rana ba,
ko da yake haka na faɗa wa Nomau.
Maƙwabciya ce ta rantse wa Inna
wai tasha na maimaita tsohon bikin su cikin dare,
kuma ta ga Baba Arzika a ciki,
gora a ƙirji, homa a hannu,
shekara guda kafin zazzaɓin da ya tafi da shi.
Gidanmu babu hotonsa ko ɗaya.
Na jikin kati ma ambaliya ta cinye.

Sai na koya wa na'ura gadi:
daga sha ɗaya zuwa kiran assalatu,
duk abin da ya gifta, ki kama, ki adana.
Na jona mata batirin mota, don na san halin masu wuta.

Daren fari, tallar taki da wa'azi.
Na biyu, batir ya gaza, ta kamo mini duhu.
Na uku da na huɗu, wani babba na buɗe rijiya.
Cikinta ya cika, na goge, na sake ɗana tarko.
Inna ta ce, "Ubanka kan kwana tara a ruwa
ya dawo da homa wayam,
ban taɓa jin ya zagi gulbi ba."

Safiyar sha biyu, ina jan hoto da gudu,
sai ga Matan Fada ya cika da kawuna.
Na tsayar. Na koma baya.
Can gefen hagu, bayan wani mai jar hula,
ya ɗago yana furzar da ruwa,
yana dariya da giɓin nan nasa.
Daƙiƙa bakwai.
Sai kyamara ta bi wani mai giwan ruwa.

Inna ta zo da hannu duk ƙullu, ta zauna ƙasa.
Na kunna. Na mayar. Na kunna.
Ta matso har numfashinta ya dusashe gilashi.
"Dube shi! Ko tarwaɗa bai kama ba ranar,
ya zo ya ce mini babba ne ya kuɓuce a bakin gaɓa."
Ta yi dariya har ta riƙe ciki,
sannan ta yi shiru, tuwo na ƙonewa.

Yanzu ta san maɓalli ɗaya, dogon nan na ƙasa.
In na dawo daga fadama
nakan tarar da shi fari fat da garin shinkafa.